Idon Kyamara a Finafinan Faɗa: Yadda Motsinta Ke Juya Zuciyar Mai Kallo

Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin gidan kallo a Maraɗi, ko Damagaram, ko wata unguwa ta Yamai tun zamanin kaset, ya san yadda ɗaki kan yi tsit idan jarumi ya tunkari babban mugu a ƙarshen fim. Wani ya dafe gwiwa, wani ya miƙe tsaye bai sani ba, wani kuma ya kauce da kai kamar shi aka kai wa naushin. Idan an tashi, hirar ba ta wuce ƙarfin jarumi da muguntar bos. Da wuya ka ji an ambaci mutumin da ya riƙe kyamara, alhali kuwa shi da darakta ne suka zaɓa wa kowa inda zai tsaya, da abin da zai gani, da lokacin da zai gan shi.

Mai kallo yana ɗauka cewa da idonsa yake kallo, amma a gaskiya aron ido aka ba shi. Idan kyamara ta matso sai ya matso, idan ta ruga sai zuciyarsa ta ruga, idan ta ƙi juyawa ta nuna abin da ke bayan ƙofa, dole ya zauna cikin fargaba. A fim ɗin faɗa, inda magana ba ta da yawa, wannan motsi shi ke ɗauke da rabin labarin. Sanin sirrinsa na da amfani, domin da shi ne mutum zai bambance fim ɗin da ya nuna masa gwaninta da wanda ya rufe masa ido da hayaniya ya karɓi kuɗinsa.

Daga ƙafa uku zuwa kafaɗa

A farkon tarihin silima kyamara ba ta motsi. Akan kafa ta a kan ƙafafu uku, ƴan wasa su yi abinsu a gabanta kamar masu wasan kwaikwayo a dandali. A shekarar 1914 wani daraktan ƙasar Italiya, Giovanni Pastrone, ya ɗora ta a kan keke mai taya a fim ɗinsa Cabiria, ta riƙa ratsa manyan gine-gine a hankali. Shekaru goma bayan haka, a Jamus, mai ɗaukar hoto Karl Freund ya ɗaure ta a ƙirjinsa, ya kuma hau da ita kan keke, a wani fim na darakta Murnau na 1924. Daga nan aka gane cewa kyamara za ta iya zama kamar mutum mai tafiya cikin labarin.

Motsin nata iri-iri ne, kuma kowanne da abin da yake faɗa. Akwai waiwaye, inda take tsaye wuri ɗaya tana juya kai hagu ko dama, kamar mai gadi yana duba fili. Akwai ɗaga kai da sunkuyawa, wanda da shi ake girmama mutum ko a ƙasƙantar da shi: idan aka ɗauko mugu tun daga takalmi har zuwa fuska, kafin a kai ga idonsa tsoro ya riga ya shiga. Akwai tafiya a kan ɗan layin dogo da ake shimfiɗa mata, tana bin mai gudu ko tana matsowa fuskar wanda labari mai nauyi ya iske. Akwai dogon hannun ƙarfe mai ɗaga ta sama, ta nuna mutum ɗaya tilo tsakiyar runduna. Sai kuma ɗauka a kafaɗa, mai rawa da numfashin mai ɗaukar.

Tsakanin santsin layin dogo da ƴancin kafaɗa akwai giɓi, kuma wani Ba'amurke mai suna Garrett Brown ne ya cike shi da na'urar Steadicam. Riga ce mai ƙarfe da ake ɗaurawa a jiki, da hannu mai shanye girgizar tafiya, ta yadda mutum zai yi gudu amma hoton ya fito kamar yana shawagi. Da ita aka bi Sylvester Stallone yana hawan matakalar gidan tarihi na birnin Filadelfiya a fim ɗin Rocky na 1976. Da a tsaye aka ɗauke shi daga nesa, da mutum kawai za a gani yana motsa jiki. Da yake kyamara ta hau tare da shi, sai mai kallo ya ji kamar shi ma ya kai ƙololuwa.

Wani lokaci akan haɗa motsi biyu masu saɓani. A fim ɗin Jaws na 1975, lokacin da shugaban ƴan sanda ke zaune bakin teku ya ga kifin ya afka wa yaro, Steven Spielberg ya sa an turo kyamara zuwa fuskarsa, gilashinta kuma yana buɗewa baya a lokaci guda. Fuskar ta cika allo, duniyar da ke bayansa ta miƙe kamar roba. Dabara ce da Alfred Hitchcock ya fara shahara da ita a Vertigo na 1958, kuma cikin daƙiƙa biyu ko uku take nuna abin da Bahaushe ke kira faɗuwar gaba.

Darasin mutanen Hong Kong

Finafinan da masu kallonmu suka fi sani da na Caina, galibinsu a Hong Kong aka yi su, kuma ƙa'idarsu mai sauƙi ce: idan ɗan wasa ya iya faɗa, a ja da baya a bar jama'a su gani. A fim ɗin Way of the Dragon na 1972, wanda Bruce Lee ya ba da umarninsa da kansa, karonsa da Chuck Norris an ɗauki mafi yawansa ne daga inda ake ganin mutum biyun tun daga kai har ƙafa. Kyamara na bin su a hankali, ba ta gaggawa. Saboda haka mai kallo yana ganin lokacin da Bruce Lee ya sha kashi, da lokacin da ya sauya salo ya fara rawa a kan yatsun ƙafa, da yadda abokin karon ya rasa yadda zai kama shi. Labarin duka a ƙafafu yake. Sai can a jawo fuska kusa da sauri, ko a nuna ɗan kyanwar da ke zaune yana kallonsu, don a ba zuciya damar numfashi.

Jackie Chan ya ɗauki wannan ƙa'ida ya ƙara mata. Yakan so mai duka da wanda aka doka su kasance cikin hoto ɗaya, domin ido ya shaida cewa bugun ya sauka. A ƙarshen Police Story na 1985 ya yi tsalle ya kama wani dogon ƙarfe mai kewaye da ƙwayayen lantarki a cikin babban kanti, ya sulalo daga bene zuwa ƙasa, abin da ya jawo masa ƙuna a tafin hannu. An nuna faɗowar sau uku daga kusurwa daban-daban. Ma'anar maimaicin a fili take: ku duba da kyau, mutum ne ya yi wannan da jikinsa.

A Indiya kuwa, inda masu kallonmu suka fi sabawa, misali mafi kyau shi ne Sholay na 1975, na darakta Ramesh Sippy da mai ɗaukar hoto Dwarka Divecha. Ku tuna yadda aka gabatar da Gabbar Singh. Ba a fara da fuskarsa ba. Kyamara ta sauko ƙasa tana bin takalmansa a kan duwatsu, yana kai da kawowa a gaban yaransa uku da suka dawo da kunya. Tafiyar ƙafar da bin da kyamara ke yi mata sun gama gaya wa kowa wane ne mai iko a wurin tun kafin a ga Amjad Khan. A harin da ƴan fashi suka kai wa jirgin ƙasa a farkon fim ɗin kuma, kyamara na tafiya da saurin jirgin da na dawakai, ta yadda babu lokacin da mutum zai rasa sanin inda jirgi ya nufa da inda maharan suka ɓullo.

Lokacin da hoto ya fara rawa

A shekarar 1998 Spielberg ya fitar da Saving Private Ryan, wanda tun kusa da farkonsa ya nuna saukar sojojin Amurka a gaɓar tekun Normandi ta Faransa ranar 6 ga watan Yunin 1944. Fiye da minti 20 ana abu ɗaya. Shi da mai ɗaukar hotonsa Janusz Kaminski sun kwaikwayi masu ɗaukar labarai na lokacin yaƙin, waɗanda ke gudu da kyamara a hannu suna neman mafaka. Hoton na rawa, yana nutsewa cikin ruwa yana fitowa, jini da yashi na fantsama a gilashi. An kuma rage lokacin da haske ke shiga kowane hoto daga cikin 24 ɗin da ke wucewa a daƙiƙa guda, abin da ya sa ƙasar da bam ya watsa ke fitowa tsinke-tsinke maimakon ta narke a ido. Girgizar tana da dalili, domin sojan da ke wurin shi ma bai san ta ina mutuwa za ta zo ba. Dukansu biyu sun samu kyautar Oscar a kan wannan aiki.

Darakta Paul Greengrass, wanda ya fito daga aikin shirye-shiryen labarai na talabijin a Ingila, ya kawo wannan salo cikin finafinan Jason Bourne na 2004 da 2007. Kyamara a kafaɗa, kusa da jiki, yanka hoto kusan duk daƙiƙa biyu. A The Bourne Ultimatum, a tseren kan rufin gidaje na birnin Tanja ta Maroko, jarumin ya yi tsalle daga rufi ya faɗa ta tagar wani gida, kyamara kuma ta yi tsallen a bayansa. Salon ya dace da mutumin da ake farauta, wanda idonsa ba ya zama wuri ɗaya.

Matsalar ita ce abin da ya biyo baya. Masu kwaikwayo sun ga rawar hoton amma ba su ga lissafin da ke ƙarƙashinta ba. Sun kuma gano cewa girgiza da yawan yanka na rufa asiri: ɗan wasan da bai iya shuri ba, ko wanda shekaru suka ja, ko faɗan da ba a samu lokacin shiryawa ba, duk ana iya ɓoye su idan ba a bar ido ya tsaya ba. A Taken 3 na 2014 an yanka hoto fiye da sau goma cikin daƙiƙa kamar shida don kawai a nuna Liam Neeson yana tsallake shinge. Mai kallo zai ji ƙara, ya ga inuwa na wucewa, ya ga mutum a ƙasa, amma ko an tambaye shi wa ya doki wa ba zai iya faɗa ba. Wannan shi ake kira an sayar maka da kura a rufe cikin buhu.

Ɗauka guda babu yankewa

Akasin wancan shi ne a bar kyamara ta yi ta tafiya ba a yanke ba. Yanka hoto kamar ƙiftawar ido ne, hutu ne ga mai kallo. Idan aka hana shi wannan hutu, sai ya ji an kulle shi cikin abin da ke faruwa.

A Hard Boiled na 1992, John Woo ya bi Chow Yun-fat da Tony Leung cikin lungunan wani asibiti suna musayar wuta kusan minti uku ba yankewa. A tsakiyar tafiyar ɗayansu ya harbi ɗan sanda bisa kuskure, suka shiga na'urar hawa bene, ƙofa ta rufe, suka yi ta cacar baki a kan abin da ya faru. A ɗan wannan lokacin ma'aikata suka sauya kayan wurin a waje, da ƙofa ta buɗe sai ga shi kamar wani bene aka iso. Rashin yankewar ya sa nauyin kuskuren ya zauna a kan mai kallo, domin babu inda aka tsallaka da shi.

Daraktan Koriya ta Kudu Park Chan-wook ya bi wata hanyar a Oldboy na 2003. Mutum ɗaya da guduma a hannu ya fuskanci gungun ƴan daba a wani dogon lungu. Kyamara na gefe, tana tafiya a kwance daga hagu zuwa dama, ta dawo idan an tura shi baya, ta tsaya idan ya faɗi. An maimaita ɗaukar sau 17 cikin kwana uku, kuma gajiyar da ake gani a jikin Choi Min-sik ta gaske ce. A nan faɗa ba ado ba ne. Mutane na haki, suna tuntuɓe, suna jin tsoron matsowa, shi kuma yana ci gaba da wuƙa a bayansa.

A Children of Men na 2006, Alfonso Cuaron da Emmanuel Lubezki sun sa an ƙera wata mota ta musamman da kyamara ke rataye daga rufinta tana juyawa tsakanin mutum biyar. Kusan minti huɗu aka ɗauka. An fara da wasa da dariya, sai ga mota mai cin wuta ta tare hanya, sai harbi, sai mutuwa, kuma duk a zama ɗaya. Saboda ba a yanke tsakanin dariyar da jinin ba, mutum yana jin yadda masifa ke sauka ba sallama. Daga baya an samu finafinai irin su 1917 na Sam Mendes, na shekarar 2019, da aka ɗinke ɗauka masu tsawo da kwamfuta har suka zama kamar guda ɗaya daga farko zuwa ƙarshe.

Abin da kogin Kwara ya koya wa silima

Wannan tarihi na kyamarar kafaɗa yana da reshe a ƙasar Nijar. A tsakanin 1946 da 1947 wani Bafaranshe, Jean Rouch, ya bi kogin Kwara cikin kwalekwale tare da abokansa biyu, ɗauke da ƴar ƙaramar kyamara da ake ɗaure wa zare kamar agogo. A kan hanya ƙafafun kyamarar suka salwanta, dole ya ci gaba da ɗauka da hannu, abin da ƙwararrun lokacin ke ɗauka aibi ne. Larura ta zama salo. Da haka ya ɗauki farautar dorina ta Sarkawan kogi, daga baya kuma ya bi maharban zaki masu kwari da baka a yankin iyakar Nijar da Mali, a fim ɗinsa na 1965. A 1971, a garin Simiri na Zarmaganda, ya ɗauki Tourou et Bitti a tafiya guda ta kusan minti goma, yana shiga gari da ƙafa har tsakiyar fili.

Finafinan Rouch ba na faɗa ba ne, amma matasan daraktocin Faransa na ƙarshen shekarun 1950, irin su Jean-Luc Godard, sun yaba da aikinsa sun kuma ɗauki darasi daga ƴancin kyamararsa, daga nan salon ya bazu. Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004, aka binne shi a Yamai. A ɓangaren ƴan ƙasa kuma, Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966, labarin saurayin da ya dawo gida da kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka addabi gari a kan dawakai. Tun a wancan lokacin ya lura da yadda finafinan harbe-harbe ke shiga kan matasa.

Sauri ba ya hana tsari

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk fim mai yawan yanka shirme ne. Mad Max: Fury Road na 2015, wanda George Miller ya ɗauka a hamadar Namibiya, yana da yanka kusan 2,700, amma ba ya rikita ido. Dalili shi ne Miller ya umarci mai ɗaukar hotonsa John Seale da ya riƙa ajiye abin da ya fi muhimmanci a tsakiyar allo. Idan hoto ya sauya, ido ba ya yawon neman inda zai duba, yana nan inda aka bar shi. Margaret Sixel, wadda ta tace fim ɗin, ta samu Oscar.

Akwai kuma tsohuwar doka ta alkibla. Idan mai gudu ya nufi dama, mai bin sa ma dole ya nufi dama a hoto na gaba. Da zarar kyamara ta tsallaka ɗaya gefen ba tare da an nuna tsallakawar ba, sai a ga kamar sun juyo suna tunkarar juna. Darakta nagari yakan fara da nuna fili gaba ɗaya, ina ƙofa, ina taga, ina makami ya faɗi, sannan ya shiga kusa. Wanda ya san filin shi ke jin tsoro idan jarumi ya nufi inda babu mafita.

Neman kusanci da haɗari yana da tsada. A The Raid 2 na Indunusiya, na 2014, an miƙa kyamara hannu da hannu ta tagar mota mai gudu, inda wani mai ɗaukar hoto ya yi shigar kujera yana jiran karɓa. A Extraction na 2020 darakta Sam Hargrave ya sa an ɗaure shi a gaban mota yana riƙe da kyamara. Wani lokacin abin ba ya ƙarewa lafiya. A 2015, a Afirka ta Kudu, Olivia Jackson, mai yin wasannin haɗari a madadin ƴan wasa, ta yi karo da hannun ƙarfen kyamara tana kan babur wajen ɗaukar wani fim na Resident Evil, abin da ya kai ga yanke mata hannun hagu.

Yau kayan aiki sun yi araha. Wayar salula na ɗaukar hoto mai kyau, akwai ƴan sandunan hannu masu hana girgiza, akwai ƙananan jirage marasa matuƙi da ke ratsa taga su bi mota, irin waɗanda Michael Bay ya cika fim ɗinsa Ambulance da su a 2022. Matasan da ke shirya finafinai a Kano, da Yamai, da Damagaram suna da abin da Rouch bai taɓa mafarkin samu ba. Abin da ba a saya a kasuwa shi ne sanin dalilin motsi. Kafin a tura kyamara, ya kamata darakta ya tambayi kansa idon wa take wakilta a wannan lokaci, kuma me mai kallo zai sani bayan motsin wanda bai sani ba kafinsa. Idan babu amsa, gara a kafa ta wuri ɗaya a bar ƴan wasa su yi aikinsu.

Shi ma mai kallo yana da gwajin da zai iya yi a gida. Ya zaɓi faɗan da ya fi burge shi, ya kashe sautin, ya sake kallo. Idan har yanzu yana gane wa ke cin nasara, da inda kowa yake tsaye, da lokacin da al'amari ya juya, to an yi masa aiki na gaskiya. Idan kuwa da ɗauke kiɗa da ƙarar naushi komai ya watse, ya san cewa kunnensa aka yi wa wayo.